Muryar Inna da Tekun Legas

Zuwa ga Juwairiyya, uwar Hafiza, uwar Isa, mai riƙe da ɗan guntun hankalin da Allah ya bar mani.

Ya sanyin randa a tsakiyar bazara! Ya inuwar gawo, mai ganye lokacin da sauran itatuwa suka tuɓe! Ya farin bado a kan tafki, ya ƙamshin ƙasa ranar ruwan fari, ya kindirmon safe wanda ba a surka ba! Ina yi maki sallama irin ta mai laifi, wadda ake yi daga bakin ƙofa da murya ƙasa-ƙasa, ana kasa kunne ko za a amsa.

Mai rubuto maki wagga takarda shi ne mutumin nan da ya taso tun daga Gwandu bisa buhunan albasa, ya ƙetare Kwara, ya kai inda ƙasa ta ƙare, sannan ya dubi ruwan da ya fi kowane ruwa girma ya juya masa ƙeya. Ni ne, Basharunki ɗan kabu-kabu. Na tsaya cikin ruwa iya idon sawu, wando a naɗe, hula a karkace, na ɗaga wayarki sama ina magana da muryar masu karanta labarai a rediyo, wai ga wakilinku daga bakin teku, ruwa ya ga ɗan Kabi ya natsu. Ban rufe baki ba wani tudun ruwa ya taso ta bayana, ya sure ni kamar tsumma, ya wuntsila ni, ya ɗura mani yashi ta baki da hanci, ya tofar da ni gaban wasu mata masu sayar da kwakwa. Hula ta tafi. Takalmi ɗaya ya tafi. Wayar ba ta tafi ba, don na damƙe ta kamar raina. Amma abin da ke cikinta ya tafi: saƙonnin muryar Inna, mahaifiyarki da muka binne bara. Shi ne kuma ya tafi da ke Kalgo.

Kin taɓa jin wanga labari, amma daga bakin ɗan wasa kika ji shi. Ki yi haƙuri ki sake jin sa daga bakin mijinki, ko da yake su biyun riga ɗaya suke sawa.

Kin san tun yaushe muke zancen teku a majalisar gindin dogon yaro, ni da Sahabi direba da Tajuddeen tela. Sahabi, da yake yana kai albasa kudu, shi ke kunna mu, wai ya ga ruwan da ba shi da ƙetare. Tajuddeen yana cewa ƙarya yake, kowane ruwa yana da ɗaya gaɓar, in ba haka ba ina masu kwalekwale ke sauka? Ni ina tsakiya ina zuga kowa. Bana da aka cire albasa, maigidan Sahabi ya yarda a ɗauke mu, zuwa da dawowa kyauta, in dai za mu riƙa karɓa-karɓar zama gaba muna hana direba gyangyaɗi, mu kuma sa kafaɗa wajen sauke kaya. Yawon shaƙatawar talakawa ke nan: Asabar da Lahadi a Legas, masauki rumfar 'yan albasa a kasuwa, katifa buhu, matashin kai takalmi, abinci kuwa abin da matanmu suka ƙulla mana.

Ke kika ƙulla mafi yawa. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yajin da kika daka har Isa ya gudu gidan maƙwabta saboda atishawa. Ba ki tambaye ni me ƙato mai iyali zai je nema bakin ruwa ba. Ba ki tuna mani babur zai yi kwanaki a jingine ba. Da kika gan ni ina jujjuya 'yar wayata mai tocila, wadda in ta ɗauki hoton mutum sai ya fito kamar aljanin kan tsamiya, sai kika shiga ɗaki kika fito da taki naɗe cikin ɗankwali. Kika ce, “Hoto bai dame ni ba, ka ɗauko mani kukan teku in ji.” Na miƙa hannu, kika ɗan riƙe ta kafin ki saki, kika ce, “Ka kula, Inna na ciki.”

Me na ce? Na ce ashe surukata zan kai shan iska, ta ga abin da ba ta gani ba tana raye. Kika yi dariya. Wayyo Juwaira, wagga dariya taki ita ta lalata ni tun farko! Tun ranar da na fara jin ta a kasuwar Kalgo, kina tayin atamfa ni ina sa baki ba a gayyace ni ba, ban sake neman wani albashi a duniya ba. Wasu maza suna noma don rumbu, wasu suna karatu don ofis. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare na koma noman dariyarki, kuma ban taɓa yin fari ba sai bana.

Na san abin da ya sa kika roƙi kuka ba hoto ba. Kin tuna daminarmu ta farko, a ɗakin kwanon nan na bayan gidan su Sahabi? Hadari ya taso da la'asar, rufi ya fara yoyo ta ko'ina, muka kwashe kwanukan jerenki sababbi fil muka baza a ƙasa suna tarar ruwa. Kunya ta rufe ni, ina ta rantsuwa gobe-goben nan zan hau in liƙe. Sai kika kama hannun rigata kika ce in yi shiru in saurara, wai kowane kwano da muryarsa: babban yana ganga, na tsakiya yana kalangu, ƙaramin yana yi masu guɗa. Muka takure bisa tabarma ɗaya, ƙafarki mai lalle tana taɓa tawa mai faso, muna sauraron makaɗan da talaucina ya ɗauko mana. Ranar na gane na auri mace mai gani da kunne. Rufin kuwa sai da damina ta zagayo kafin in liƙe shi, kuma har gobe ina cewa don ke na bar shi.

Hanya ba ta da abin faɗa sai wari da ciwon ƙugu. Daga Jega zuwa Yawuri muna waƙa, daga Kontagora muka koma salati, kafin Ilori kowa ya daina yi wa kowa magana. Tajuddeen ya ɗinka sabon kaftani musamman don hoton teku, ya ninke shi cikin leda biyu, amma albasa ta bi shi har ciki. A motar haya ta Legas wata mata ta dube shi ta toshe hanci, ya ce mata da Hausa turaren garinmu ne. Mun sauke kaya, mun kwanta kamar gawa, gari ya waye muka nemi teku. Duk inda muka nufa akwai ƙofa da mai karɓar kuɗi. Sahabi ya ce Allah bai sa wa ruwansa ƙofa ba, ya ja mu da ƙafa cikin rana har wani lungun masunta inda ba mai tambayar kowa komai.

Juwaira, ya hasken idona, da me zan kwatanta maki shi? Mun hau wani ɗan tudun yashi muna gardama, sai ga shi shimfiɗe a gabanmu. Sama ce ta kwanta a ƙasa tana numfashi. Ba gaɓa, ba itace, ba tsuntsun da zai ce maka ga inda ya ƙare. Tajuddeen ya cire hula ya riƙe a ƙirji yana ta subhanallahi, bai sake zancen masu kwalekwale ba. Kukan kuwa! Kamar a tara matan Gwandu kaf su yi shiƙar gero lokaci ɗaya, sannan hadarin gabas ya amsa masu daga ƙarƙashin ƙasa, sannan komai ya ja baya yana shii, kamar uwa na lallashin jariri. Ban taɓa jin kewarki irin ta wanga lokaci ba. Ga abokaina na ƙuruciya dama da hagu, amma gefen da kike tsayawa sai iska ke bi. Na fiddo wayar, na tsaya nesa, na kame bakina kamar yadda kika koya mani, na ɗauko maki shi tsaf. Na saurara, ya fito raɗau. Da a nan na tsaya, da yanzu kina tsakar gida kina kunna wa maƙwabta.

Amma kin san mijinki. Shiru yana yi mani ƙaiƙayi. Na ce bari in ƙara da rahoto daga cikin ruwa, don ki yi dariya. Matan kwakwa suka yi ta yi mani hannu in dawo, wani tsohon masunci ya daka mani tsawa da yarensu. Na buga ƙirji na ce ni ɗan Kabi ne, a gulbi na koyi tafiya, ruwa ƙanen babana ne. Abin da ban sani ba, ruwanmu mai kunya ne: inda ka bar shi da safe nan za ka same shi da yamma, in zai cika sai ya yi sallama. Wancan kuwa in ya ja baya, ba tsoronka ya ji ba, ƙarfi ya je ɗaukowa.

Da na miƙe ina tarin ruwan gishiri, wayar ta yi baƙi. Sahabi ya ce ya ji ana binne jiƙaƙƙiyar waya cikin shinkafa. Ba mu da shinkafa. Muka binne ta cikin garin kwakinki, muka koma cin ƙuli gaya, Tajuddeen yana cewa yau waya ta fi mu gata. Da na bar ta ma a nan, wataƙila. Amma gajen haƙuri ya sa washegari na tono ta na kai wa mai caji a kasuwa, in ga ko ta farfaɗo. Ta yi zafi a hannunsa, ta yi wani ƙauri. Mai gyara na can ya buɗe ya girgiza kai. Na Birnin Kebbi ma daga baya abin da ya faɗa ke nan: gishiri ya fara, caji ya ƙarasa.

Ga inda rabin karatuna ya kashe ni. Wallahi, Juwaira, na ɗauka saƙonni a cikin layi suke zama. Na cire ɗan layin na goge shi na ƙulle a bakin wando, wayar kuma na mai da ita cikin garin, raina kwance, ina cewa ai Inna na nan, gida kawai za a sake mata. Shi ya sa duk tsawon hanyar dawowa, cikin mota fanko muna gwaruwa da ƙarfe, ba abin da nake yi sai gyaran labarin faɗuwata, ina ƙara masa gishiri, su Sahabi suna dariya har da hawaye. Tsarabar da na shirya maki ke nan.

Na shigo da la'asar da takalmi wari-da-wari. Ban ko sha ruwa ba na buɗe fage a tsakar gida. Na naɗe wando, na yi muryar rediyo, na wuntsila gefen turmi. Hafiza ta riƙe ciki, Isa yana tsalle yana cewa in sake. Ke ma kin yi, na gani, kin kare baki da gefen mayafi kafaɗunki suna rawa. Sannan kika miƙo hannu. Na zaro ledar gari na tono ta a gabanki, har lokacin ina washe baki, na ce kada ki damu, layin yana nan lafiya lau. Kika dube ni. Ban taɓa ganin dariya ta bar fuskar mutum a hankali haka ba, kamar ruwa na janyewa daga fadama. Kika hure garin da ke kanta, kika goge fuskarta da bakin zanenki yadda kike goge wa Isa majina. Kika kawo mani tuwo, kika ce sannu da hanya. Da safe kika durƙusa kika nemi izinin zuwa gaida Baba a Kalgo. Da zagina kika yi, da kin jefe ni da muciya, da na san inda zan tare. Ladabin nan naki shi ya karya mani ƙafa.

Tun daga ranar gidan ya zama kango mai mutane. Hafiza ce ke tuƙa tuwo, tun da nawa na farko Isa ya ce a ajiye shi a yi faci da shi. Kajinki suna tsayawa ƙofar ɗakinki suna leƙe, in na watsa masu dawa sai su dube ni kamar sun san abin da na yi. Amma ba tuwo ke ci na ba, ya zumar farar ƙaya, ya tauraruwar da matafiyi ke duba. Wayewar gari ce ke ci na. Ashe na saba. Kullum kina shara kin jingina wayar a bakin taga, Inna tana ta zuba: ya jikin yara, a rage wa Isa tsamiya, gwiwarta ta hana ta barci, a gaida “wancan mai surutun”. Bayan rasuwarta ma ba ta daina gaishe ni ba ko rana ɗaya. Yanzu tsintsiyar Hafiza kaɗai ke magana. Ina kwance ina jiran a ce a gaida mai surutu, ba mai cewa. In ni da nake suruki haka nake ji, ke da ta goya fa? Ina kika sa wanga shiru? A wane gefen ƙirji kike ɗauke da shi?

Kin san na zo Kalgo, ko da ba ki fito ba. Baba ya karɓe ni a zaure da fara'a, ya tambayi hanya, ya tambayi farashin albasa a kudu, ya ce kina hutawa. Ko kalma ɗaya ta faɗa bai yi mani ba; gidanku duk haka kuke yanka mutum, da auduga. Ƙanwarki Khairiyya ce ta rako ni wajen babur. Na tambaye ta ko saƙonnin suna nan a wayarta, tun da da ita Inna ke aikowa. Ta ce waccan wayar ta daɗe da lalacewa, kuma dama tana gogewa in ta cika. Har na hau, sai ta riƙe kan babur ta ce, “Yaya Basharu, ka san abin da ke cikin na ƙarshen?” Na ce ban sani ba.

Ta ce ke 'yar fari ce, kuma Inna mai alkunya ce irin ta mutanen da: tun da ta haife ki ba ta taɓa kama sunanki ba. Kina ƙarama “ke” ce, kin girma “waccan”, da na ɗauko ki kika zama “ta Gwandu”. Wannan na sani, har tsokanarta nake yi a kai. Abin da ban sani ba, da ciwo ya yi tsanani, ta karɓi wayar ta ce Khairiyya ta danna mata ta fita ta ja ƙofa. A wanga saƙo ta kira ki da sunanki. Sau ɗaya a duk tsawon rayuwarta da taki.

Sai na tuna. Akwai wanda ba kya jinginawa a taga. Kina kifa turmi ki zauna bayan ɗaki, ki manna wayar a kunne, ki rufe ido. Ni kuma in zo wucewa in ce, wane ne ke zance da matata da rana tsaka? Ki yi murmushi ki kore ni da hannu. Ya Allah! Sau nawa na ratsa ta gefen abu mafi tsada a gidana ina yi masa ba'a? Na bar Kalgo ban san ina tuƙi ba. A hanya na tsaya gindin wata kuka na kifa kai bisa tanki, har wani mai amalanke ya tsaya ya tambaya ko mai ne ya ƙare. Na ce masa eh.

Zan gaya maki wani abu don kada ki ji shi wajen shaiɗan. Kin san ba muryar da ba na kwaikwaya a Gwandu, kuma ta Inna na fi iyawa. Ita da kanta takan sa ni in yi, ta yi dariya har ta nemi ruwa. A gindin kukar nan zuciya ta raya mani: ga baki, ga wayar aro, ka san kalmomin, ka yi muryar Inna ka ce saƙon ka samo. Na tofar da yawu na nemi tsari. Sana'a ɗaya Allah ya ba ni wadda ta fi ta kowa, ga ranar da ake buƙata ta zo, kuma in na taɓa ta na zama ɓarawo sau biyu. Tun ranar ban sake ɗaukar muryar kowa ba. A majalisa har an fara tambaya ko ciwon shawara ke damuna.

Abin da na koma yi shi ne yawon bara. Duk inda Inna ta taɓa zuwa biki ko suna, na je. Maruda, Dalijan, Aliero, gidajen da ban taɓa takawa ba tun ɗaurin aurenmu. In yi sallama, in gaisa, in ce don Allah ko akwai mai tsohon bidiyon taro a waya, ina neman muryar surukata. Wasu su yi dariya su ce yau kuma da wace Basharu ya zo. In sun ga ban yi ba sai su shiga ciki su kira matan. Su Sahabi ba su bar ni ni kaɗai ba, don sun ce tare muka ci ƙulin, tare za mu sha ruwan. Tajuddeen ba ya auna mace sai ya tambaye ta ko ta san Inna Azumi ta Kalgo. Sahabi ya baza cigiya a tasha. Na kalli amaren da ban sani ba, na kalli raguna ana fiɗa, na ji guɗa har kunnena ya toshe.

A Dalijan na samu, wajen jikar Gwaggo Maimuna. Bidiyon suna ne, mai ɗauka tana nuna tukwane. Ba a ga fuskar Inna ba, gefen zanenta kawai, mai ruwan ƙasa ɗin nan. Amma ga muryar, daram, tana ba wata umarni: “A ajiye wa ta Gwandu nata a rufe. Ba ta ci a taro, sai ta gama da kowa ta manta da kanta.” Sai wata ta faɗi abin da ban ji ba, Inna ta yi dariya, sai aka juya waya wajen makaɗa. Shi ke nan. Bai kai tsawon shan kofin ruwa ba. Na sa an juye shi a memori, ga shi nan cikin ƙullin takarda na manna a ƙasan wagga wasiƙa; Khairiyya za ta sa maki a wayarta. Ki zauna kafin ki kunna. Ni a tsaye na ji shi, sai da aka kawo mani kujera.

Ba sunanki a ciki. Na saurara har na haddace tarin wata tsohuwa da ke gefe, ba shi. Ban aiko shi don in ce mun yi daidai ba. Wanda ya zubar da tulu bai isa ya kawo cokali ya ce a yafe ba. Na aiko shi don naki ne, kuma don ki ji abin da na ji: ko a bayan idonki, ko cikin hayaniyar taro, hankalinta yana kan cikinki. An ce mani akwai wata malamar Islamiyya a Jega da ta ɗauki walimar saukarsu, inda Inna ta yi karatu a gaban mata. Ranar kasuwa zan je. An ce akwai wata a Bunza. Zan je. In an ce Kamba, in an ce ƙetaren iyaka, babur ɗina ya san hanya, in bai sani ba zai koya.

Ya ruwan da nake sha in ƙoshi, ya fadamar da ba ta ƙafewa, ya wadda ta ɗauki wawa ta mai da shi uban 'ya'ya! Sabuwar waya zan saya maki kafin kaka, wannan ƙaramin abu ne, gumi ke biyan sa. Amma ɗayan bashin na auna shi ta kowace fuska, na ga ya fi ƙarfin babur, ya fi ƙarfin bakina, ya fi ƙarfin shekarun da suka rage mani. Kalma ɗaya ce, kuma mai faɗin ta tana ƙarƙashin ƙasa. Ba zan iya biya ba, ba kuma zan roƙi ki yafe shi ba, don ba na son a sauke mani. Abin da nake roƙo, ki dawo ki riƙa bi na shi daga kusa. Ki bi ni da safe, ki bi ni da rana, ki bi ni da ido in na buɗe baki zan yi shirme. Wa ya taɓa ganin mai bin bashi ya tare wani gari ya bar wanda yake bi yana yawo sakaka?

Ranar Juma'a in an sauko masallaci zan zo in zauna a zauren Baba. Ba zan zo da labari ba. In ba ki shirya ba, ki aiko Khairiyya da ruwa, in sha in gode in koma, wata Juma'ar in dawo. Tabarmar zauren za ta gaji kafin in gaji.

Naki, jiya da yau da ranar da za a ɗauke ni a makara, wanda ba shi da wata sai ke kuma ba ya nema, wanda kike bi abin da ba zai gama biya ba,

Basharu.